Garuruwan da Suka Ɓace a Allon Manaja

Ajiye jakar, Ɗayyabu, ka zauna. Ka ce manhajar da ka haɗa ta yi aiki tun gwajin farko, don haka ba ka ga amfanin karanta bayanin da masu laburaren suka rubuta ba. Na ji wannan magana a bakin mutane da yawa har na gaji da musu. Misali kawai zan ba ka.

An yi wani mai rubuta manhaja a wani kamfanin da ke sayar da abincin kaji da maganin rigakafinsu. Motocin kamfanin sukan zaga garuruwa da ƙauyuka suna sauke kaya a shagunan dillalai, kuma duk cinikin da aka yi yana hawa wani dandalin nazarin kasuwanci a intanet. Sai aka kawo sabon manaja wanda bai san yankin ba. Ya ce ba zai iya jiran rahoton ƙarshen wata ba, a haɗa masa allon da zai riƙa nuna masa inda kaya ke tafiya da inda suke kwantai. Dandalin yana da ƙofar da manhaja ke bi ta roƙi bayanai, ita ake kira API, akwai kuma laburare, wato umarnin da wasu suka riga suka rubuta domin ƙwanƙwasa wannan ƙofa. Mai rubuta manhajar ba rago ba ne, amma shi kaɗai ne a sashensa. Shi ke gyara firinta, shi ke fama da intanet in ta ɗauke, har wayar manaja in ta ƙi caji shi ake kira. Ya sauko da laburaren, ya ga bayanin amfani da shi yana da tsawo, ya ja tsaki, ya kwafi ɗan misalin da ke sama ya danna. Sunayen garuruwa suka zubo da alƙaluma a gefensu. Manaja ya yaba, shi kuma ya koma kan firinta.

Abin da bai karanta ba shi ne, ƙofar ba ta ba da bayanai gaba ɗaya. Kamar guga take, ta ciko maka ɗaya tare da alamar cewa akwai saura a rijiya, sai ka sake zurawa. Shi guga ɗaya ya ja. Da yake bayanan a jere suke bisa harafin farko na sunan gari, duk garin da sunansa ya faɗa can ƙarshe, irin su Wanke da Yalwa da Zango, sai ya ɓace daga allo, kamar ba a taɓa sayar da ko buhu ɗaya a can ba. Manaja ya duba tsadar mai, ya duba allo, ya soke zuwan mota waɗannan wurare. Direbobi suka yi gunaguni, aka ce yawon hanya suke so. Da bazara ta shigo cutar kaji ta ɓulla, rigakafi kuwa bai je ba.

Bayan Sallah mai rubuta manhajar ya tafi Yalwa ɗaurin auren wani ɗan'uwansa, ya shiga gaida gwaggonsa. Ya san gidan da hayaniyar kaji, domin da ƙwai take riƙe marayun jikokinta. Ya tarar da akurki a buɗe, an jingine ƙofarsa da bango. Ta ba shi ruwa, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta gaya masa yadda ta yi ta sintiri shagon dillali ana ce mata mota ba ta zo ba, da yadda ta riƙa kwasar gawar kaji da safe tana zubawa a rami bayan gida. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, tunda a can kake aiki, ka tambayar mana laifin da muka yi musu." Ya buɗe baki zai ce ai mutanen Yalwa ba sa sayen kaya, sai ya ga tarin buhunan kamfaninsu da ta wanke ta shanya a kan danga. Ya yi mata sallama ya fita.

Da ya koma ofis ya buɗe bayanin nan da ya tsallake. Bai yi nisa ba ya ga wurin da aka ce a sake zura guga, an rubuta shi ɓaro-ɓaro. Layi biyu ya ƙara a manhajarsa, garuruwan suka dawo allo, har Yalwa ta zama cikin waɗanda suka fi kowa ciniki a da. Ya je ya gaya wa manaja gaskiya. Ba a kore shi ba, don babu mai gyara firinta in ya tafi. An dai ce tunda shi ya ɓata, shi zai bi mota ya gyara. Daminar nan kaf a hanya ya yi ta, mota na kafewa a laka suna turawa, yana shiga shago yana fita yana ba da haƙuri. Wasu dillalan sun riga sun koma wani kamfani, suka saurare shi cikin mutunci suka sallame shi. Wasu matan sun sake sayen 'yan tsaki. Gwaggonsa ba ta sake ba, ta ce ƙarfinta ya ƙare, itacen girki take ajiyewa a akurkin yanzu.

Karatun da ya guje wa bai kai zaman shan shayi ba. Hausawa sun riga sun faɗa: wanda ya ƙi sharar masallaci, zai yi ta kasuwa.