Sau Uku Na Zo

Wata huɗu ke nan da aka sa wa Batulu ashanar tazarar haihuwa a damtsenta na hagu, kuma wata huɗu ke nan jini bai bar ta ta huta ba. Yau ɗigo-ɗigo, gobe ya ɗauke, ta yi wanka ta tayar da salla, kafin la'asar kuma sai ga shi.

Ba wanda ya tilasta mata. Haihuwa uku ta yi cikin shekara huɗu, ta ƙarshen da ƙyar ta sha, shi ya sa ita da maigidanta Malam Ya'u suka yanke shawarar ta huta. Ranar da aka sa mata, mata sun fi hamsin a layi. Abin da aka ce mata kawai shi ne, "Shekara uku take yi. Ta gaba!" Zancen jini ko da wasa ba a yi mata ba.

Batulu kuwa ɗinkin babbar riga take yi. Duk lungunsu a cikin birnin Zazzau an san hannunta: hagu ta riƙe yadi tamau, dama tana sukar allura, aiki ya fito tsaf.

Da azumi ya matso, hankalinta ya tashi. Haila ce ko jinin ciwo? Ta yi salla ko ta bari? Ta ɗauki azumi ko ta sha? Ta yafa mayafi ta nufi asibitin unguwa.

"Za ki saba," in ji ma'aikaciyar, ko kai ba ta ɗago ba.

Ta koma, aka ce mai cirewa ba ta nan. A zuwa na uku har ta roƙa: "Don Allah, Sista, a cire mini. Ibadata ta rikice."

"Ba a cirewa sai lokacinta ya cika. Matsalarku ke nan, rashin haƙuri!"

Ta dawo gida tana huci. Maƙwabciyarta Delu ta leƙo ta ce, "Ke ma dai da wahalar da kai! Ni Audu wanzami ya cire mini tawa, ko minti biyar bai yi ba."

Audu gwani ne a ƙaho da aski, wannan ba musu. Batulu ta kai masa hannunta, amma ashanar ta nutse cikin tsoka. Ya tsaga, ya laluba, ya ƙara tsagawa. Can sai ta ji abu kamar wutar lantarki ya tsarga mata har yatsu, ta ƙwalla salati. Ashana ta fita, amma ƙaramin yatsanta da na kusa da shi suka lanƙwashe, ba su ƙara miƙewa ba.

A babban asibiti likita ya ce jijiya ce ta yanke. Ya ƙara da cewa ai akwai ƙwayoyin da ke rage jinin, kuma mace na da ikon a cire mata ashana duk ranar da ta ga dama.

Wayyo! Wannan maganar ta fi askar Audu ciwo. Rigar da ta faro kuwa tana nan a ninke, hagu ta kasa riƙe yadi.

Unguwa ta ɗauka: Batulu ta jawo wa kanta. To, ita ba mai haɗiye magana ba ce. Ranar awo ta koma asibitin unguwa, ta tarar da mata cike da benci, ma'aikaciyar nan tana jawabi: "Jahilci ne ke sa mata cire ashana tun lokaci bai yi ba."

Batulu ta miƙe ta ɗaga hannun hagu sama, kowa ya gani.

"Sista, dubi nan! Zuwa wurin wanzami kuskurena ne, na ɗauka. Amma jahilci ba ki isa ki liƙa mini ba. Sau uku na zo gabanki. Kin taɓa gaya mini za a yi jini? Kin ce akwai magani?"

"Malama, zauna mana."

"Wallahi ba zan zauna ba! Wadda jini ya dama a cikinku, ta zo aka sallame ta da 'za ki saba', ta ɗaga hannu."

Wata a baya ta ɗaga, sai wata, sai wata. Hannu tara Batulu ta gani, banda nata mai yatsu biyu a lanƙwashe. Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai, ta jawo kujera ta ce wadda ta fara ɗaga hannu ta matso.

Jama'a, mace ba ta cire ashana don wauta, sai don an ƙi yi mata bayani, an ƙi sauraronta. Ma'aikatan lafiya, ku faɗi gaskiya kafin ku sa, ku cire idan an nema. Ke kuma 'yar'uwa, in an kore ki a wannan asibiti, nufi wani, ki dage sai an saurare ki. Kada ki miƙa wa aska hannunki.