Turaren da Ya Karɓi Maƙeri

Kafin ka ruga kasuwa neman irin turaren da ka ji a jikin wane, ɗan zauna tukuna, kasuwa ba ta gudu. An yi wani maƙeri a wani gari, ƙaƙƙarfan mutum, wanda hayaƙin gawayi ya daɗe da zama ɗan gida a fatarsa, har ana cewa in ya yi wanka, ruwan da ya gangaro ya isa a rubuta allo da shi. Matarsa ta rasu, ya zauna shi kaɗai har tuwon saye ya gundure shi, sai zuciyarsa ta faɗa kan wata bazawara mai kitso da ke bayan masallaci. Ita kuwa mace ce mai hanci. Mata na cewa tun daga zaure take gane wadda ta turara kayanta da wadda ta wuce ta gefen kasko kawai. Manema ba ta rasa su ba, ta kuma ce azumi ba zai kama ba sai ta tsayar da guda. Maƙeri yakan shinshina hannun rigarsa, ya ji ƙauri.

Wata Juma'a sahu ya haɗa shi da wani mai sayar da yadi, irin mutanen nan da rana ba ta san ƙeyarsu ba. Ƙamshin wardi mai sanyi na tashi daga jikinsa, har maƙeri ya kusa manta raka'ar da ake ciki. Ana sallamewa ya tambayi sunan turaren, bai ko biya gida ba ya nufi rumfar mai turare. Mai turaren, wani dattijo shiru-shiru, ya zaro tsinken kwalba zai ɗiga masa a wuyan hannu, ya ce ya je ya yini da shi tukuna, su ji abin da fata za ta ce. Maƙeri ya ce ai hancinsa ya riga ya yanke hukunci a masallaci, me ya rage? Ya karɓe kwalba. Washegari ya mulke wuya da gemu da hammata kamar ana sa amarya lalle, ya yini a bakin wuta yana dukan garma, da la'asar ya tafi zance. To, wardi da ya sha zafi, ya gamu da gumi da ƙarfe, sai ya juya ya koma wani abu tsakanin tsamin gasara da jiƙaƙƙen bunsuru. Waɗanda suka gani sun rantse kajin gidan katanga suka hau, ƙudaje kuma suka zo suka yi gaisuwa suka koma. Bazawara ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ita ta ajiye kujerarta can bakin ƙofa inda iska ke shigowa. Ta gaishe shi da ladabi, ta yi atishawa, ta ce ta bar tukunya a wuta.

Da safe ya dira rumfar da faɗa, wai jabu aka ba shi. Dattijo ya ɗiga wa kansa daga kwalbar nan, ya miƙa masa hannu. Wardi ne tas. Ya ce, "Maigida, turare ba hula ba ne da za ka ara ka ɗora. Rabinsa ne a kwalba, rabin yana jikin mai shi." Sai ya laluba ƙuryar akwati ya ɗauko man ud, wani turaren itace, baƙi, mai kauri kamar kwalta, ya ɗiga masa ɗigo guda. Maƙeri ya kai hanci ya kau da kai, don warin garken awaki ya ji, ya ɗaga hannu zai goge a riga. Dattijo ya riƙe hannun, ya ce ruwan alwala ba zai kore shi ba, sabulu kawai zai kiyaye, ya je ya yi aikinsa.

Ya tafi yana gunaguni. Da hantsi garke na nan daram. Zuwa azahar, bayan wuta ta gasa shi, awakin suka watse, ƙamshin tsohon itace ya leƙo. Da la'asar kuwa ud ya iske hayaƙin da ke kwance a fatarsa, suka gane juna kamar 'yan'uwan da suka daɗe ba su gamu ba, abin ya koma ɗumi-ɗumi, zaƙi-zaƙi, kamar zuma ta ɗiga a garwashi. Manomin da ya zo karɓar fartanya ya karɓa, ya kuma rasa abin da ya hana shi tafiya. Maƙeri ya nufi bayan masallaci yana tsoron a ce masa ba ta nan. Ta fito, ta zauna bakin ƙofa kamar rannan. Can sai ta ɗaga hanci, ta jawo kujera, ta ƙara jawowa. Ta ce, "Yau kai ne ka zo da kanka. Rannan ban san wa ka aiko ba." Tukunya kuwa har ta kama ba wanda ya tuna da ita. Kafin a ga watan azumi aka shafa fatiha.

Bayan biki sahu ya sake haɗa shi da mai yadi. Wannan karon mai yadi ne ya kusa manta raka'a. Ya tambayi suna, ya saya, ya shafa a sanyayyar fatarsa, ya zauna a inuwar shago. Da yake ba wutar da za ta tashi garken, har magariba masu ciniki na leƙa ƙarƙashin kanta suna tambayar inda ya ɗaure dabbar.

Saboda haka in za ka je, miƙa naka hannun, ka ba shi yini. Hausawa sun gama magana da suka ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.