Idon Mai Gyaran Agogo

Mai gyaran agogo ba ya alfahari da komai kamar idonsa na hagu. A nan yake maƙala ɗan gilashinsa, ya hango ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba. Matarsa kan tsokane shi: "Wannan idon ai shi ne mai shagon, kai ɗan aike ne."

Da ciwon gwiwa ya matsa masa, telan da ke shagon kusa ya miƙo masa ragowar ƙwayoyinsa. "Ni su suka tashe ni. Sha, ka huta da layin asibiti."

Ya yi ta sha. Cikin mako na biyu zazzaɓi ya rufe shi, idanu suka yi jawur, leɓe ya farfashe, ƙuraje suka feso a ƙirji. Tela ya zo dubiya, ya gyaɗa kai sai ka ce likita. "Maganin ne ke koro cutar waje. In ka tsaya yanzu, ciki za ta koma."

Ji wani zance, don Allah. Bawan Allah kuwa ya yarda, ya ci gaba da sha.

Wata safiya matarsa ta zo canza masa riga, sai fatar bayansa ta biyo rigar. Ba ta tsaya kuka ba. Yana miƙa hannu wajen ƙwayoyin ta riga shi, ta jefa su a jaka.

"Ba ni, maganina ne."

"Ka yi fushi da ni har shekara, Baban yara, amma ko ɗaya ba za ka ƙara haɗiya ba. Tashi mu tafi."

A asibiti gyambon baki ya hana shi magana. Ita ta ajiye kwalin maganin a gaban likita.

"Jikinsa ne ya ƙi wannan magani," in ji likita. "Wani ya sha lafiya lau, wani ya saɓule kamar wanda wuta ta ƙona. Da ya ci gaba, da yanzu wani zancen ake yi."

Makonni ya yi a kwance cikin bandeji, tana ɗiga masa maganin ido yadda aka nuna mata, ba ta taɓa tsallake lokaci ba. Ya rayu. Idon dama ya tsira. Na hagu kuwa ya yi fari fat, ya tafi ke nan.

Ya sha wuya kafin ya saba da gilashi a dama, amma ya koma kan teburinsa. Yanzu duk wanda ya tambaye shi labarin idanunsa, sai ya ɗaga kai ya ce, "Wancan gangancina ne ya cinye shi. Wannan kuwa matata ce ta ƙwato min."

Jama'a, maganin wani ba naka ba ne. Idan ka fara shan magani ka ga zazzaɓi da ƙuraje, ko gyambo a baki da jan ido, ba cuta ce ke fita ba. Ɗauki kwalin, ka nufi asibiti a ranar.