Gwaggon Cikin Waƙa

Manaja ya juya makulli ta waje, ya ce ta jikin ƙofa, "Gwaggo, a yi haƙuri, yanzun nan za su watse." Haka ya faɗa ranar da masu talabijin suka zo, kuma sai da rana ta faɗi aka tuna da ita.

Tsohuwar ta zauna a bakin katifa. Ɗakin yana bayan kicin, tagarsa ɗaya, ita ma katanga take kallo. Akwai fanka da darduma, sai kwalayen faifai da aka jibge har rufi. A jikin kowane kwali ga fuskar mawaƙin, mai gidan, ya sunkuyar da kai, an rubuta MARAYA da manyan baƙaƙe. Sunan da duniya ta san shi da shi ke nan. Ita dai "yaron nan" take cewa.

Yau ake sakin albam ɗinsa na farko. Falo ya cika da 'yan jarida da masu gidajen rediyo da makaɗan da suka yi aikin tare da shi. Dariyarsu tana ratso bango ta same ta.

Yaron nan ya daɗe yana waƙoƙin soyayya, babu wanda ya waiwayo. Manaja, mai kula da harkar waƙarsa, shi ya ce masa mutane ba murya suke saye ba, ciwo suke saye. Sai suka saki waƙa guda tal don a ɗanɗana kasuwa, kamar yadda ake yi kafin albam. Labarin yaro ne da uwarsa ta rasu yana goye, gwaggo ta ɗauke shi, ta riƙa kwantar da shi a ƙasa, tana hana shi ko kuka.

Waƙar ta kama kamar gobara. A motar haya ita ce, a shagon aski ita ce, a wayar kowa ita ce. Mata suna kuka suna ja wa gwaggon Allah ya isa. Shi ke nan aka ɗauko tsohuwar daga tsohuwar unguwa aka kawo ta wannan gida mai doguwar katanga, inda babu wanda ya san ta. Kasuwa ta haramta gare ta, daga baya bakin ƙofa ma ya haramta. "Don lafiyarki ne," in ji Manaja. Yaron nan yakan leƙo da safe ya tambaya ko ta ci abinci, idonsa a kan kwalaye.

Inuwar katanga ta hau taga. La'asar ta yi. Ta ɗaga buta, ta ji ta sakayau. Famfo yana kicin, taku kaɗan ne, amma ƙofa ce a tsakani. Ta jira. A falo aka saki waƙar, lasifika ta girgiza kwalayen. Ta san inda zai ja numfashi kafin ya hau sama, tun yana ƙarami haka yake yi. Aka yi tafi, aka sake sa ta daga farko.

Hasken taga ya fara ja. Duk ƙuncin da ta gani a rayuwa, ba ta taɓa bari la'asar ta kuɓuce mata ba. Ta miƙe, ta ƙwanƙwasa a hankali. Shiru. Ta ƙara.

Makulli ya juya. Ba Manaja ba ne. Wata budurwa ce 'yar jarida, da waya a hannu, ta ɓata hanya tana neman banɗaki.

"Subhanallahi! Baba, wa ya kulle ki a nan?"

"Ƙofar ce mai rigima, 'yata. Matsa min in ɗebi ruwa."

Budurwar ba ta matsa ba. Ta dubi katifa, ta dubi kwalaye, ta dubi tsohuwar tun daga sama har ƙasa. A bayanta Manaja ya taho a guje yana cewa, "Gwaggo, koma ciki!" Kalmar tana fita ya kama bakinsa.

Idon budurwar ya buɗe. Ta ɗaga wayar. "Gwaggo? Ke ce ta cikin waƙar?"

Kafin ka ce me, kicin ya cika. Wayoyi suka yi sama. Yaron nan ya kutso ta tsakiyarsu cikin fararen kayansa, ya tsaya cak. Gumi ya tsattsafo a kan hancinsa, irin na ranar da ya fasa madubin maƙwabta yana yaro. Kalma ɗaya daga gare ta, kwalayen nan duka su koma shara, shi kuma ya kasa ɗaga kai a ko'ina. Bai roƙe ta ba. Bai ma iya kallonta ba.

"Baba, ke muke saurare. Ke ce?" in ji budurwar.

"Ni ce," in ji tsohuwar.

Kicin ya ɗauki salati. Wata mai gabatar da shiri ta ce, "Kuma ya ajiye ki a gidansa yana ciyar da ke! Kai, wannan bawan Allah ɗan Aljanna ne." Wani ya ja tsaki. Manaja ya sauke ajiyar zuciya, har ya fara murmushi, don ya hango abin da jaridu za su buga gobe.

Suka dare mata hanya kamar mai cuta. Ta cika butarta, ta koma ɗaki, ta ja ƙofar da hannunta. Ta samu la'asar da ƙyar. Da ta sallame ta daɗe tana istigfari a kan ƙaryar da ta yi, don ita ba ta taɓa zama gwaggon kowa ba. Ita ce uwar da ya binne a baitin farko.