Dashe a Lambun Marigayi Bukar

Da la'asar ake dashe, don kada rana ta ƙone iri. Shi ya sa Turai ta san za ta sami Mikail a lambun marigayi mijinta, Bukar, bayan Ƙofar Mazugal. Tun tana takaba aminin nan nasa yake kula da wurin. Ya kafce ƙasa, ya zuba taki, ga shi yau yana dasa tattasai.

Ya ɗago ya gan ta, fartanya ta tsaya a hannunsa. Jiya ya aika yana neman aurenta.

"Sannu da aiki, Malam Mikail."

"Yauwa, Maman Sa'ida. Saƙona ya iso?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. "Ya iso. Amma baffan yaran ya rantse, ranar da aka ɗaura min aure zai kwashe su ukun zuwa Maiduguri. Jininsu ba ya zama agola a gidan wani."

"Ke fa, me zuciyarki ta ce?"

Ta dube shi sau ɗaya, idonta ya ciko. "Da ba ta ce komai ba, aike zan yi, ba zan tako da ƙafata ba. Ka yafe min. Lambun ma ka bar shi, ka huta."

Mikail ya durƙusa, ya sa wani irin a rami, ya danne ƙasar da yatsunsa.

"Sabon dashe ba ya jure ƙishi," ya ce. "Gobe da sassafe zan zo ban-ruwa."