Allon Gudun Kailu

"Ɗaure ƙusoshin tayoyin baya, ɗana. In ka bar su sake-sake haka, gangaren ga zai kada ka."

Kailu ya ɗago daga kan allon gudunsa mai taya huɗu, ya dubi mai maganar a wulaƙance. Wani dattijo ne, Albarka, zaune kan tabarmar mai shayi, ya rufe ƙafafunsa da mayafi. Kailu ya ja tsaki. Wata uku ya yi a Yamai yana zaɓen allon nan, mai faɗi, mai tayoyi masu taushi. Yau kuma ɗan nan garin Filinge ne zai koya masa?

"Baba, ka taɓa hawa irinsa ka tsaya?"

"Ban taɓa ba."

"To, sha shayinka."

Ya jera gwangwanaye goma a kan kwalta, ya koma saman tudu, ya sako a guje. A gwangwani na uku allon ya fara rawa. Kafin na huɗu Kailu yana cikin ƙaya, wando a yage, 'yan kallo suna ta dariya.

Sai ya ji ƙara daga sama. Albarka ne zaune kan tsohon katako mai tayoyin ƙarfe, shanyayyun ƙafafunsa a naɗe, silifa a hannuwansa. Ya ratsa gwangwanayen duka bai taɓa ko ɗaya ba, ya ja birki da tafin hannu daidai kan Kailu.

"Tun mulkin soja na fari da wannan nike zuwa kasuwa, ɗana. Miƙo abin wasan naka in ɗaure maka."