Injin Motar Nabaraj

Pandit Homnath, malamin da ke yi wa gidan addu'a, ya ɗaga murfin gaban motar ya leƙa. Wayam!

"Ina injin, ɗana? A kan me zan zuba jinin?"

Nabaraj ya gyara tsayuwa. Motarsa ta farko ke nan, ga unguwa ta taru ranar bikin Dashain za a yanka wa motar bunsuru, kamar yadda aka saba. "Ba ta da inji, Malam. Wutar lantarki take sha."

Innarsa ta dafe ƙirji. "Ba mai shiga gwangwanin nan sai an zuba jini!"

Malamin ya yi nazari. "To, a ba mai ciyar da ita hadayar." Ya kama wayar cajin ya fara bi.

"Malam, bari mana!" in ji Nabaraj, gumi na keto masa.

Ina! Jama'a suka rufa masa baya da ƙararrawa. Waya ta zagaya bayan gida, ta ratsa ƙarƙashin katanga, ta ƙare a ɗakin girkin maƙwabci, Dhanbahadur, wanda tun safe yake riƙe musu da bunsurun.

Dhanbahadur ya dubi soket ɗinsa da aka jona ba da saninsa ba, ya dubi Nabaraj, ya ƙara naɗe igiyar bunsurun a hannu.

"Ashe ni ne injin. Kar a yanka, Malam, da ransa nake sonsa."